Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa tun kafin littattafan soyayya su cika kasuwanni, Hausa ta riga ta sami labarin so da dukiya da ya ƙi tsufa? Shi ne "Jiki Magayi", wanda John Tafida Wusasa da Rupert East suka rubuta. Yana cikin littattafai biyar da Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, tare da "Ruwan Bagaja" na Abubakar Imam, wanda yake koyarwa a Katsina a lokacin.

A cikin "Jiki Magayi", wani mai suna Abubakar na son Zainab, amma attajiri Malam Shehu ya aure ta da ƙarfin dukiyarsa. Baƙin ciki ya kai Abubakar ga neman asiri, sai ɗan da Zainab ta haifa wa Malam Shehu, Kyauta, ya tashi ɓarawo.

Shekara sama da 90 ke nan, amma duk saurayin Dutsin-Ma ko Kurfi da tsadar lefe ta raba shi da masoyiyarsa zai ga kansa a ciki. Littafin yana gargaɗin mai ƙwace da mai ramuwa baki ɗaya.