Tana ci amma tana ramewa: cututtukan da ke ɓuya a bayan tsufan kyanwa

A gidajen ma'aikata da dama a Kubwa, Lugbe da Gwarinpa, inda ake fita da sassafe a dawo bayan magariba, da kwano ake auna lafiyar kyanwa. Idan an tarar ta cinye abin da aka zuba mata, sai a ce lafiya lau. Idan kuma ta rame, sai a ce tsufa ne. Wannan zato kan sa a rasa dabbar da ta shafe shekaru tana tsare gida daga ɓeraye, alhali cutar da ke damunta tana da magani.

Likitocin dabbobi suna lissafa kyanwar da ta haura shekara 10 a matsayin tsohuwa. Da yake ɗabi'arta ce ɓoye ciwo, sauyin ci da na nauyi kan riga sauran alamomi bayyana.

Kyanwar da ke ci kamar ba ta ƙoshi amma tana zubewa, abu biyu ake fara zargi a kanta. Na farko shi ne ƙwayar tayiroid da ke wuya, wadda idan aikinta ya wuce kima take sa jiki ya ƙone abinci da sauri, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, dabbar ta kasa natsuwa har ta yi ta kuka da dare. Ana shawo kansa da ƙwayar magani ta kullum ko tiyata. Na biyu shi ne ciwon suga, wanda ya fi kama masu ƙiba, yana zuwa da yawan ƙishi da fitsari, kuma galibi sai da allurar insulin.

Wadda cinta ya ragu kuwa, ƙoda ake fara dubawa. Ciwon ƙoda na daga cikin cututtukan da suka fi addabar tsofaffin kyanwoyi, alamominsa su ne yawan shan ruwa, amai da warin baki. Ba ya warkewa, amma abinci na musamman da wadataccen ruwa suna rage saurinsa. Idan kuma tana zuwa kwano da marmari sai ta ja baya, ko abinci na zubo mata daga baki, to haƙori ne ko dasashi. Tsutsar ciki da sankarar hanji su ma suna ramar da ita.

Gashi yana ɓoye rama, don haka sikeli ya fi ido gaskiya. Mai ita zai hau sikeli yana riƙe da ita, ya sake hawa shi kaɗai, ya cire bambancin, ya rubuta sau ɗaya a wata. Kyanwa mai kilo 4 da ta rasa giram 400 daidai take da mutum mai kilo 70 da ya zubar da kilo 7. Ƙashin baya da ake ji tsuru-tsuru idan an shafa ta shi ma gargaɗi ne.

Ƙin cin abinci na kwana biyu ba abin jira ba ne, domin kitse kan taru a hanta, musamman ga mai ƙiba, har ya kai ga mutuwa. Kuskure mafi muni shi ne ba ta farasitamol: ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa. Albasa da tafarnuwar da ke cikin ragowar miya kuma suna lalata mata jini.

Gwajin jini da na fitsari ne ke bambance waɗannan cututtuka. Ana samun likitocin dabbobi a Abuja, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Shawarar likitoci ita ce a kai tsohuwar kyanwa dubawa duk wata shida, a kuma tafi da takardar da ake rubuta nauyinta.