Tu, Tum da Aap: Wakilin Suna a Harshen Hindi

Daga Birni har Zango, da wuya ka sami gida a Zinder da ba a taɓa kallon fim ɗin Indiya a cikinsa ba. Kunnuwa sun saba da Hindi. Amma duk mai son koyonsa, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mai rakiyar majiyyaci zuwa Delhi, gara ya fara da wakilin suna, domin a nan ake auna ladabin baƙo.

A Hindi, ni shi ne main, mu kuwa ham. Abin da zai ba Bahaushe mamaki shi ne babu bambancin kai da ke, ko shi da ita. Wanda yake kusa, mace ko namiji, yah ne, na nesa kuma vah, a baka ana cewa ye da vo. Aikatau ne ke nuna jinsi: namiji zai ce "main jaata hoon", mace ta ce "main jaati hoon", dukansu suna nufin "ina tafiya".

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen wanda kake magana da shi, don hawa uku ne. Tu na ƙaramin yaro ne da aminin ƙut-da-ƙut, da shi kuma ake roƙon Ubangiji. Ka faɗa wa baƙo, ka yi masa raini. Tum na sa'a ne da ƙane. Aap na dattijo ne da malami da wanda ba ka sani ba, aikatau ɗinsa kullum jam'i ne ko da mutum ɗaya ne. Aboki sai "tum kaise ho?", babba kuwa "aap kaise hain?"

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Damagaram da ke durƙusawa ya ce "Baba, kun tashi lafiya?", kuma ya san bambancin tu da vous na Faransanci tun a benci. Mallaka ma haka take. Yadda muke cewa nawa da tawa bisa jinsin abin da aka mallaka, haka suke cewa "mera bhai" ga ɗan'uwa, "meri bahan" ga 'yar'uwa.

Don haka, ɗalibi, kada ka kwaikwayi bakin jarumin fim da ke faɗa da mugu. Riƙe aap ga kowane baƙo har sai shi da kansa ya sauƙaƙa maka.