Emmanuel Grégoire da Alhazan Maraɗi

Emmanuel Grégoire masani ne ɗan ƙasar Faransa wanda ya shafe shekaru yana nazarin dangantakar gwamnati da 'yan kasuwa a Afirka ta Yamma. A 1986 ya buga littafinsa mai suna Les Alhazai de Maradi, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1992. Tambayar da littafin ya yi ita ce: ta yaya attajiran Maraɗi suka tara dukiyarsu?

Amsar ta fara ne daga gyaɗa. A zamanin mulkin mallaka, kamfanonin Turawa sukan ba wasu 'yan kasuwa kuɗi su sayo musu gyaɗa daga ƙauyuka. Bayan Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, sai gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin cinikin gyaɗa, aka kuma sami bankin BDRN mai ba da rance. Wanda ya sami izinin sayen gyaɗa da rancen banki shi ne ya yi gaba. Da farin shekarun 1970 ya karya noman gyaɗa, alhazai suka ƙara ba da ƙarfi ga shigar da kaya Nijeriya, irin su taba sigari da atamfa. Wannan ciniki kuwa ya dogara ne da dokokin kwastan na ƙasashen biyu. Ita ma gwamnati tana cin moriyar harajin da ake biya. Wato dai kowane ɓangare yana bukatar ɗan'uwansa.

Grégoire ya kuma mai da hankali ga wasu kalmomin Hausa. Akwai "ubangida" da "bara", sannan akwai "arzikin mutane". A Maraɗi ba kuɗi kaɗai ake dubawa a ce mutum attajiri ne ba, ana duba yawan barorinsa da waɗanda ya sani a ofisoshin gwamnati da kan iyaka.

Daga baya ya faɗaɗa bincikensa. A 1993 shi da Pascal Labazée suka shirya littafi a kan manyan 'yan kasuwar Afirka ta Yamma, a 1999 kuma ya rubuta a kan Buzayen Nijar. Ga mai koyon Hausa, aikinsa ya nuna cewa kalma kamar "bara" ba a gane ta sosai sai an san yadda kasuwa take tafiya.