Ƙarfi ya yi araha, sana'a ce mai tsada

Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai mu ga tashoshin mota na Tawa, Maraɗi da Damagaram sun cika da samari ƴan ci-rani. Wasu za su Kano, wasu Abijan, wasu Libiya ko Aljeriya. Yawancinsu jarinsu guda ne: ƙarfin jiki.

Mun san halin kasuwa. Ranar da albasa ta yi yawa, kuɗinta faɗuwa suke yi. Haka aikin ƙarfi yake. A shekarar 2022 mutanen duniya sun kai miliyan dubu 8. Ƙasashen Sin da Indiya, kowace tana da mutane sama da miliyan 1400. Duk inda ɗanmu ya je neman lebaranci, zai tarar da wasu sun riga shi, kuma a shirye suke su karɓi lada kaɗan.

Wanda bai bar gida ba ma, wannan gasa tana iske shi. Tun da Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, atamfa da takalma masu araha suka ƙara cika kasuwanninmu. Masaƙu da dama na Kano da Kaduna, waɗanda ƙarancin lantarki ya riga ya raunana, sun rufe. Ma'aikatansu suka koma neman abin yi tare da namu samari.

Idan kuwa aiki ya yi ƙaranci, baƙo ake fara kora. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya a 1983. Yaƙin Libiya na 2011 ya maido mana da dubban mutane hannu rabbana. Hanyar ma tana cin rai: a 2013 ƙishirwa ta kashe mutane 92 a hamada, kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara.

Ba mu ce a bar cin rani ba, domin kuɗin da ake aikowa suna riƙe da gidaje da yawa. Amma kafin a kama hanya, a koyi gini, walda, ɗinki ko gyaran injin ban-ruwa. A tafi da takardun shaida da katin rigakafi. A riƙe karatu da lissafi, don kada a cuce mu wajen biyan lada.

Sa'annan mu dubi abin da ƙasarmu ta iya. Albasar Galmi tana da masu saye har Akara da Abijan. Manoman Maraɗi da Damagaram, ta hanyar renon itatuwan da ke tsirowa a gonakinsu, sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980. Gona mai albarka da lambun rani aiki ne da ba mai korar mu daga gare shi.

Ƴan uwa, bana kafin yaro ya ɗauki jaka, mu tambaye shi: wace sana'a za ka kai musu?