Me ya sa ƙanƙarar tafkunan Minnesota ke yaudarar matafiya a ƙarshen hunturu?

A dajin Boundary Waters da ke arewacin jihar Minnesota ta Amurka, tafkuna fiye da 1,000 kan daskare, matafiya su mayar da su hanya. Sai dai a watan Maris, kauri kaɗai ba ya tabbatar da aminci.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce sai sabuwar ƙanƙara garai-garai ta kai inci 4 kafin a taka ta, farar ƙanƙara kuwa rabin wannan ƙarfi gare ta. Nauyin dusar ƙanƙara kan danne saman tafki, ruwa ya tsattsafo ya taru a ɓoye. Mashigar rafi, inda ruwa ke gudana ta ƙasa, ita ce ke fara yin rauni.