Taron Mako-Mako da Yaƙi da Yunwa: Yadda Kulob na Rotary Ya Ke Aiki

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu mun fara jin sunan Rotary ne ta wurin masu yawo gida-gida suna ɗiga wa yara maganin shan inna. Wannan ƙungiya ta sa hannu cikin yaƙi da cutar tun 1985, kuma a watan Agusta 2020 aka yi shelar cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Amma tushen wannan babban aiki ƙaramin abu ne, watau taron da mutanen gari ɗaya su ke yi sau ɗaya a mako. Na ga ya kamata in bayyana yadda taron ya ke, da yadda ya ke kai abinci bakin mayunwata a ƙasar Amurka inda aka fara shi, gama jam'iyyunmu da yawa suna farawa da zafi, sa'an nan taro ya mutu tun kaka ba ta zagayo ba.

Asalin Kulob Ɗin

Ran 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da abokansa uku a birnin Shikago. Ɗaya mai sayar da gawayin kwal ne, ɗaya tela, ɗaya kuwa injiniyan haƙar ma'adinai. Suka shirya su riƙa haɗuwa, yau a wurin aikin wannan, wani karo a wurin aikin wancan. Daga wannan zagayawa sunan Rotary ya fito, gama ma'anarsa abu mai juyawa. Da fari zumunci da ciniki ne suka haɗa su. A 1907 suka ɗauki aikinsu na farko domin jama'a, suka tsaya sai da aka gina wurin ba-haya na kowa da kowa a cikin birnin.

Tun daga farko sun sa doka cewa a ɗauki mutum ɗaya daga kowace sana'a. Saboda haka idan matsala ta taso, a ɗaki ɗaya za a sami mai mota, da mai kanti, da likita, da malamin makaranta, kowa da abin da zai iya kawowa. Yau membobin sun wuce miliyan ɗaya a duniya. An fara karɓar mata a ko'ina tun 1989. Kulob na farko a Nijeriya an kafa shi a Kano a 1961, kuma wani lauya na wannan kulob, Jonathan Majiyagbe, shi ne mutumin Afirka na farko da ya shugabanci Rotary ta duniya duka, daga 2003 zuwa 2004.

Abin da A Ke Yi a Wurin Taro

Kowane kulob yana da ranarsa da lokacinsa da wurinsa, ba a kuwa sāke su sai da babban dalili. Waɗansu suna haɗuwa da sassafe, waɗansu da tsakar rana, a ci abinci tare, kowa ya biya nasa. Taron ba ya cika wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Shugaba ya buga ƙararrawa a buɗe, a gabatar da baƙi, a yi sanarwa. Sa'an nan masu riƙe da ayyuka su tashi su faɗi inda aka tsaya. A wurare da yawa a kan ci mutum tara ta wasa idan ya makara, wanda kuma ya sami abin farin ciki a makon ya kan jefa ɗan kuɗi a kwano ya faɗa wa jama'a. Kuɗin nan kaɗan-kaɗan ne, amma ana tara su mako 50 a shekara.

Bayan haka sai baƙo mai jawabi ya yi magana kamar minti 20. Wani mako shugaban makaranta ne, wani mako ma'aikaciyar asibiti, wani mako mai kula da wurin rabon abinci. Ta bakin waɗannan ne 'yan kulob su ke jin abin da ke damun garinsu. Da lokaci ya cika shugaba ya sāke buga ƙararrawa, kowa ya koma aikinsa.

Akwai abu biyu da suka riƙe wannan tsari. Na ɗaya, magatakarda yana rubuta sunan wanda ya zo. A dā doka ce, wanda ya fasa taro huɗu a jere ba tare da hanzari ba yana iya rasa matsayinsa. A 2016 aka sassauta, har aka yarda kulob ya zauna sau biyu a wata idan ya ga dama, amma da yawa suna nan a kan mako-mako. Na biyu, shugaba shekara ɗaya ya ke yi. Ran 1 ga Yuli sabo ya hau, tsohon ya koma kujerar memba.

Yunwa a Ƙasar Wadata

Wani zai ce, ina yunwa a Amurka, ƙasar da ta ke sayar wa duniya masara da alkama? Akwai ta. Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar ta ƙidaya cewa a 2023 kashi 13.5 cikin 100 na gidaje sun sha wahalar samun isasshen abinci a wani lokaci cikin shekarar, watau mutum wajen miliyan 47. Yawancin mutanen can ba su da gona. Albashi su ke ci, idan kuɗin haya da na asibiti suka cinye shi, ko aiki ya ƙare, tukunya ba ta hawa wuta. A gefe guda kuma ma'aikatar ta ƙiyasta cewa kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na abincin ƙasar asararsa a ke yi. Ga abinci, ga mai jin yunwa, abin da ya rage shi ne mai haɗa su.

A 1967, a birnin Phoenix na Jihar Arizona, wani mutum mai suna John van Hengel yana aikin sa kai a wurin dafa wa matalauta abinci. Ya sadu da wata mace wadda ta ke ciyar da 'ya'yanta da abin da manyan kantuna su ke zubarwa a bayan gida, abinci mai kyau wanda gwangwaninsa kawai ya lotsa ko kwanansa ya kusa cika. Matar ta ba da shawara a sami wurin da za a riƙa ajiye irin wannan abinci a kuma ɗiba, kamar yadda a ke yi da kuɗi a banki. Wata ikkilisiyar Katolika mai suna St. Mary's ta ba shi tsohon gini da ɗan jari. A shekarar farko ya raba fiye da tan 100. Wannan shi ne bankin abinci na farko. Yau akwai wajen 200 a ƙarƙashin ƙungiyar Feeding America, suna ba dubban ƙananan wuraren rabo, da yawansu a ɗakunan ikkilisiya. A 1996 gwamnati ta yi doka mai kāre wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a, domin masu kanti su daina jin tsoron bayarwa.

Inda Kulob Ya Ke Shiga

Bankin abinci yana bukatar hannuwa da mota da kuɗi, waɗannan kuwa su ne abin da kulob ya ke da su. A wurin taro a kan zagaya da takarda, kowa ya rubuta ranar da zai je tsince kaya da ƙunsa su. Waɗansu kulob suna cika 'yan jakunkuna da abinci kowace Jumma'a domin yaran da abincin makaranta ne babban abincinsu, don kada su kwana biyu da yunwa kafin Litinin.

Misalin da ya fi kusa da mu manoma shi ne na birnin Seattle a Jihar Washington. A 1982 'yan Rotary na can suka roƙi masu lambu a bayan gida su ƙara 'yan kunyoyi domin mabukata. Daga baya suka lura manyan manoma suna da dankali da albasa da tuffa waɗanda kasuwa ta ƙi saboda ƙanƙanta ko rashin kyan gani, manyan motoci kuma suna komowa birni ba kaya. Sai suka zama masu haɗa manomi da mai mota da bankin abinci. Suna kuma kai masu aikin sa kai gonaki su yi kala bayan girbi, irin kalar da Littafin Firistoci sura 19 ya umarta a bar wa matalauci da baƙo, wadda Rut ta yi a gonar Bo'aza. An san aikin da sunan Rotary First Harvest, daga baya aka sāke masa suna Harvest Against Hunger.

Kada mu ɗauka aikin ba shi da rauni. Mutane sun fi bayarwa a ƙarshen shekara lokacin bukukuwa, alhali ciki ba ya sanin biki. Wani lokaci abin da aka kawo ba shi ne a ke bukata ba, don haka masu bankin su kan fi son kuɗi, gama suna sayen kaya a farashin sari. Sa'an nan rabon abinci yana kashe yunwar yau, amma ba ya ƙara wa mutum albashi ko ya rage masa haya.

Abin da Ya Shafe Mu

Tamu yunwar tana da lokaci, mun kuma san shi. Daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, aiki kuwa ya fi kowane lokaci yawa. Wanda ya sayar da arha da kaka shi ne mai saye da tsada da marka, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙodago, ko ya ci bashin da zai biya ninki. Bayan farin 1973 da 1974 an kafa bankunan hatsi a ƙauyuka da yawa na Nijar da Burkina Faso domin wannan matsala. Da yawansu sun rushe, dalilan kuwa sanannu ne: an ba da rance ba a mayar ba, ba a riƙe lissafi ba, mabuɗi ya zauna a hannun mutum ɗaya.

Waɗannan su ne ramukan da taron mako-mako ya ke toshewa. Ba mu bukatar otel ko ƙararrawar tagulla, inuwar mangwaro ta isa. Ga abin da jam'iyya za ta iya ɗauka:

1. A tsai da rana ɗaya da awa ɗaya, a fara kan lokaci a tashi kan lokaci. Manomin da ya san taro ba zai cinye masa yini ba zai zo.

2. A rubuta sunan wanda ya zo. Wanda aka rasa sau biyu a je gidansa a gaishe shi, gama zumunta a ƙafa ta ke. Sau da yawa kunya ce ta hana shi zuwa domin gidansa ba hatsi.

3. A riƙa kawo kaɗan kowane mako. A ce membobi 30 ne, kowa ya kawo tiya ɗaya har mako 12 na kaka. An sami tiya 360, idan buhu yana cin tiya 40, buhu 9 ke nan.

4. Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa a kowane zama. A sa kwado biyu ko uku a ƙofar ɗakin ajiya, mabuɗan a hannun mutane dabam-dabam.

5. A shanya hatsi ya bushe sarai, a ɗora buhuna a kan katako. Wake a sa shi cikin buhu mai gida uku a ɗaure bakin tam, ƙwari za su mutu ba tare da magani ba.

6. Tun da kaka a raba ajiyar biyu: rabon kyauta domin gwauraye da marayu da marasa lafiya, da rabon rance wanda za a mayar da ɗan ƙari. A rubuta ƙa'idar tun ciki yana cike, domin tun ran gini ran zane.

7. A sāke shugabanni kowace shekara, a kuma sa mata cikin kwamiti. Su ne su ka san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya.

8. A gayyaci malamin gona ko malamin asibiti ko dagaci su zo su yi magana. Ranar rabo kuma a duba bukatar mutum, ko na ikkilisiya ne ko maƙwabci ne Musulmi.

Mutum huɗu ne suka zauna a Shikago a 1905, jam'iyyarku ta fi su yawa. Ina roƙon kowane magatakarda ya karanta wannan takarda a zama mai zuwa, ku tsai da ranar taro kafin a fara yankan dawa, ku kuma aiko mana da labarin abin da kuka shirya domin waɗansu su koya.