An yi maka kuskure wajen lanho? Ga inda za ka kai kuka

Jama'ar Madarunfa, biyan lanho wajibi ne. Amma ma'aikaci yana kuskure. Wani a rubuta shi sau biyu, wani a ƙirga masa mamaci cikin iyalinsa.

Kada ka biya ko dala ba a ba ka takardar shaida ba. Adana ta. Fara kai kukanka a rubuce ga ma'aikatar da ta aza maka kuɗin.

In ba su gyara ba fa? Wanda ake ƙara ba ya yanke wa kansa hukunci. Shi ya sa a 2011 aka naɗa Cheiffou Amadou mai shiga tsakanin talakawa da ma'aikatun gwamnati, aka riƙa kai masa kuka kyauta. Alƙali ma ba ma'aikacin lanho ba ne. Ɗauki takardarka, ka tafi gidan shari'a na Maraɗi.